Shekara Goma Sha Ɗaya da Na Mayar Mako Biyu

Shekara tara ke nan, a cikin wannan wata na Rajab, da aka fitar da maigidana daga gidanmu na Arlit aka kai shi makwancinsa. Sunansa Isuhu. Shekara ashirin da bakwai muka yi tare ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, domin kuwa haka aka tarbiyyantar da mu a Damagaram, yau kuma ga shi na rubuta shi a jarida kowa ya gani. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wata ƙarya da na yi a kansa, a gabansa, yana zaune yana ji, kuma na gaji da ɗaukarta ni kaɗai.

Ni malamar lakkwal ce, wato makarantar boko, na koyar da ƙananan yara har na ajiye aiki. Shi kuwa direban kamiyo ne, irin manyan motocin nan da ke kwasar dutse daga cikin rami su kai inda ake niƙawa a fitar da uranium. Ba babban kamfani ne ya ɗauke shi ba, ɗaya daga cikin ƙananan nan ne masu cin kwangila a ƙarƙashin manya, waɗanda ma'aikacinsu yau yana nan, gobe an ce ya je ya huta. Dogon mutum ne, mai son shayi da gardamar kokawa. In ana kokawar ƙasa ya manna kunne a rediyo, ko gobara ake a gidan ba zai ji ba.

Ciwon ya fara ne shekarar da nake goyon ɗanmu Laminu. Yana saukowa daga tsanin kamiyo ƙafarsa ta zame, ya faɗi da ƙugu. Aka kai shi asibiti, aka ba shi hutun ƴan kwanaki, kumburin ya sace, aka ce ya warke. Fata ta warke, ƙashi ma aka ce lafiya lau, amma ciwon bai je ko'ina ba. Ya zauna a ƙugunsa, wani lokaci ya gangaro cinyar hagu har yatsun ƙafa, ya ce kamar ana ɗura masa ruwan barkono a jijiya. Wani mako ya lafa har mu manta, wani mako sai ya dafa bango kafin ya ɗago daga sujada. Daga baya a ɗaki a zaune yake salla, a masallaci kuwa sai ya cije ya yi a tsaye don kada a gani.

Wanda bai zauna garin ma'adinai ba zai ce, to me ya hana shi komawa asibiti ya faɗi gaskiya? Bizit ce ta hana. Kowace shekara ana kiran ma'aikata a duba lafiyarsu, abin da muke kira bizit ke nan. A auna numfashi, a ɗebi jini, a ce ka sunkuya ka taɓa yatsun ƙafarka, sannan a buga tambari a karnenka, wato ɗan littafinka na asibiti, cewa kana iya aiki. An ce don kare ma'aikaci aka yi ta, amma ma'aikaci ranar hisabi ya ɗauke ta. Akwai kuma wata kalmar Faransanci da kowace mace a unguwarmu ta sani, ko da ba ta taɓa taka ƙofar lakkwal ba: kronik. Ba mu san abin da masu magani ke nufi da ita ba. Abin da muka sani shi ne, wani maƙwabcinmu mutumin Tahoua an rubuta masa ita saboda gwiwarsa, kafin shekara ta zagayo ya ɗaure kayansa ya kwashi ƴaƴansa ya koma gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai mata suka buɗe nasu asibitin a cikin ɗaka. Safiyar bizit a dafa ruwa, a gasa wa namiji bayansa da tsumma, a shafe shi da man zafi, a goge sarai don kada ƙamshin ya tona asiri. A ba shi ƙwayar kashe zafi biyu da koko. Sannan a ɗaure ƙugun da ɗamara: tsohon zane a yage shi a tsaye, a naɗe tam daga ƙasan haƙarƙari zuwa kwankwaso. Da ita zai je har bakin asibiti, ya shiga bayan gida ya kwance ya cusa a jaka. Gashin da ɗaurin nan suna ba mutum kamar awa guda yana tafiya a miƙe, kuma awa gudan ake bukata. Sauran ranakun aiki ma da ɗamarar Isuhu yake tuƙi, a ƙarƙashin riga. Wata tsohuwar matar direba ta koya mini, ni kuma na zo na fi ta iyawa. Har alfahari nake yi, kaico. Mata suna zuwa da zannuwansu in nuna musu ɗaurin, wai hannuna yana da sa'a.

Akwai wata dabarar kuma. In ciwo ya ci tura a tsakiyar shekara har dole a je asibiti, ba a cewa tsohon nan ne ya tashi. A ce jiya aka ɗaga kaya, ko sanyi ne ya shiga, ko zazzaɓi ne ya sauka a gaɓoɓi. Kowane zuwa da sabon labari. Haka karnen Isuhu ya cika da ƙananan ciwuka, kowanne an rubuta masa magani na kwana biyar ko goma, kowanne a ƙarshe an rubuta ya warke.

Shekarar da Laminu yake aji shida, ciwon ya kwantar da shi kwana huɗu, ko juyi ba ya iyawa. Na raka shi asibiti, muka tarar da sabon lokotoro, wato likita, matashi ɗan ƙasa, bai daɗe da zuwa garin ba. Hausarsa irin ta wanda ya koya da girma ce, yana ce wa mace “kai”, amma ya iya saurare. Bai yi mana sauri ba. Ya sa Isuhu ya kwanta, ya ɗaga masa ƙafa, ya danna nan ya danna can. Sannan ya yaye rigar ya daɗe yana kallon ƙugun. Shekarun ɗamara sun bar shaida, fatar wurin ta yi baƙi ta yi kanta. Ya buɗe karnen yana juya shafi yana komawa baya. Ya tambayi Isuhu tun yaushe yake jin ciwon nan. Sai Isuhu ya juyo ya dube ni. Har yau ban san abin da yake roƙo da kallon nan ba, in rufa masa asiri ne ko in cece shi.

Lokotoron ya juyo wurina. “Madam, kai ne kana gida da shi. Tun yaushe?”

“Mako biyu ne,” na ce. “Buhun hatsi ya ɗaga.”

Ya ce in tuna da kyau, don ciwon mako biyu da ciwon da ya wuce wata uku ba hanyarsu ɗaya ba. In tsoho ne akwai inda zai tura shi, akwai kuma abubuwan da ya kamata a canza. Ni kuwa da na ji wata uku, na ji canji, sai na hango maƙwabcinmu na Tahoua a bisa mota da katifunsa. Na sake cewa mako biyu, har na ƙara da rantsuwa, ni da nake horon ƴaƴan mutane a aji in sun yi ƙarya. Ya rubuta magani na kwana goma ya miƙo. Da muka fito daɗi na ji, wallahi, na ɗauka na ceci gidana. Muka biya kasuwa na sayi nama.

Ceton bai yi nisa ba. Bayan shekara biyu kwangilar kamfanin ta ƙare, aka sallami direbobi gaba ɗaya, mai ciwo da lafiyayye. Aikin da na yi rantsuwar ƙarya dominsa ya tafi da ƙafarsa. A lokacin ne Isuhu ya ce to yanzu babu abin tsoro, bari ya je ya faɗi gaskiya ko a duba shi da kyau, a kuma san cewa a bakin aiki ya samo abin. Matashin lokotoron nan ya riga ya bar garin. Wanda muka tarar ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi a haske, ya ce bai ga wani abin a zo a gani ba, bayan kowane mai shekarunsa haka yake. Ya buɗe karne ya ga tambarin lafiya goma sha uku a jere. Ya tambaya, cikin raha, yadda mutum zai shekara goma sha uku garau, sai da aka sallame shi ciwo ya tuna da shi. Na ji kamar in nutse, amma ba na ɗora masa laifin duka. Abin da muka shirya da hannunmu ya karanta mana.

A Arlit kuma, in ba tari kake ba, ba ka da ciwo. Baƙi sun sha zuwa da na'urorinsu suna auna ƙasa da ruwa, suna tambayar wa ke tari, wa ya rame. Suna da gaskiyarsu, mun binne mutane da ciwon ƙirji. Amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi mutumin da ke zaune a kan tabarma, da jikinsa da kyan fuskarsa, abin da ya hana shi tashi. Ciwon da ba ya jini, ba ya ramar da mutum, ba ya fita a hoto, wa zai yi masa shaida?

Sai ƙwaya ta zama abokiyar zamansa. Masu tallar magani a faranti sun san ƙofar gidanmu. Biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama yadda hali ya yi. Unguwa ta fara magana: wai son jiki ne, wai ya zama ɗan ƙwaya, yana zaune mace tana ciyar da shi. Abokansa da suka tafi Tchibarakaten tuƙa motocin masu haƙar zinariya suka aiko ya zo, ya ce bayansa ba zai iya hanyar ba, suka ce lalaci ne kawai.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ma na fara yarda. Na gaji ne. In dawo daga lakkwal da rana tsaka in tarar da shi inda na bar shi, fuska a murtuke, yana yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni mai boko ce, an koya mini cewa takarda ba ta ƙarya. Wata rana ya ce in miƙo masa buta, ga ta can taku uku daga inda yake, sai bakina ya kuɓuce. Na ce masa lokotoro ya ce babu kome, hoto ya ce babu kome, karne ya ce babu kome, shi kaɗai ne ya fi su sani? Bai ɗaga murya ba.

“Rabi,” ya ce, “ke ce fa kike ɗaura mini ɗamarar.”

Ya ja jiki ya ɗauki butarsa. Daga ranar bai sake ce mini yana jin ciwo ba, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin sauƙi, don hakan ya fi mini daɗi.

Shekara uku ya yi a zaune. Ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ragu, muka kai shi Agadez aka ce ƙoda ce ta gaza. Aka tambaye mu wane magani yake sha, kuma tun yaushe. Wannan karon na faɗi gaskiya, ihu bayan hari. Muka dawo da shi gida, bai yi wata ba Allah ya karɓi abinsa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma imanin bai hana ni sanin cewa ƙwayar da ake rubutawa don kwana goma ya shekara goma sha shida yana haɗiyarta ba. Ranar zaman makoki, bakunan da suka kira shi malalaci su ne suka yi ta ce mini, Allah ya jiƙan Malam, mutum ne mai haƙuri. Nawa bakin ma yana cikinsu.

Ɗiyarmu Mariyama ta karanta aikin jinya, yanzu tana aiki a Agadez. Shekaru bayan rasuwar, muna tsintar shinkafa a tsakar gida, na tambaye ta mene ne ainihin kronik ɗin nan. Ta ce ba hukunci ba ne, ma'aunin lokaci ne kawai. Duk ciwon da ya zauna, ko yake tafiya yana dawowa, har ya wuce wata uku, shi ake kira mai daɗewa. Sabon ciwo ɗan aike ne, in ji ta, jiki magayi: ya zo ya gaya maka akwai rauni, in raunin ya warke ya tafi. Amma wani lokaci rauni ya warke, jijiyoyi su ƙi yin shiru, su zama masu saurin jin zafi. Wani ciwon mai daɗewa yana da tushen da ake gani, kamar na sankara ko na gaɓoɓi. Wani kuwa a duba a rasa, kuma yanzu masu magani sun yarda shi kansa cuta ne mai zaman kansa, da sunansa a littafin da ake jera cututtukan duniya. Babu na'urar da ke auna shi. Abin da mai ciwon ya faɗa da shi ake aiki, shi ya sa lokotoro na ƙwarai ke farawa da tambayar tun yaushe.

Ta ce kuma kulawarsa daban ce. Ba a yi ta ɗura wa mutum ƙwayar kashe zafi ba iyaka. Ana koya masa motsa jiki irin wanda ya dace, a gyara masa zama da yanayin aiki, a duba barcinsa da damuwar zuciyarsa, a ba shi maganin jijiya in ana bukata, a riƙa lura da ciki da ƙoda. Ba lalle ya rabu da ciwon ba, amma yana iya rayuwa da shi kamar mutum. Na ajiye farantin na tambaye ta, da na faɗi gaskiya ranar nan, da ubanta yana raye? Ta ce Allah ne masani, wataƙila ma da an sallame shi tun lokacin kamar maƙwabcinmu. Ta ce har gobe akwai masu fakewa da kalmar nan su kori mara lafiya, su ce naka kronik ne, je ka yi haƙuri. Ba ta lallashe ni ba, halin ubanta ta ɗauko. Abin da ya ƙona ni shi ne, wata uku kacal ake nema, mu kuwa muna da shekara goma sha ɗaya a hannu muka ɓoye.

Nakan tambayi kaina abin da Isuhu zai ce da zai leƙo Arlit yau. Turawa sun tattara sun tafi, wani ramin an rufe shi, sabon ramin Imouraren da aka yi ta yi mana alkawarinsa tun yaranmu suna ƙanana har yanzu alkawari ce, samari sun kwashe sun nufi zinariya. Ana ta jawabi cewa arzikin ƙasa ya dawo hannun ƴan ƙasa. Zai ji daɗin wannan, don mai kishin ƙasarsa ne. Sannan zai kurɓi shayi ya tambaya, da gatsen nan nasa, ko bayan direba ma ya dawo hannun direba. Masu tallar magani suna nan da farantansu, sai ma ƙaruwa da suka yi. Bizit tana nan, tsoronta yana nan.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Laminu direba ne, shekara huɗu yana jigilar ruwa da mai zuwa Tchibarakaten a kan hanyar da sunan hanya kawai gare ta. Bayan Mauludi ya dawo gida, an yi masa alkawarin aiki a wani kamfani a nan gari, saura bizit. Na ga yadda ya sauko daga mota, ya riƙe ƙofa, ya ɗan dakata kafin ya miƙe. Ana gobe bizit, da hantsi, matarsa Zainabu ta shigo ɗakina da tsohon zane a hannu, ta durƙusa.

“Inna,” ta ce, “an ce duk unguwar nan ba wadda ta kai ki iya ɗaurin ɗamara.”

Na karɓi zanen na cusa a ƙarƙashin matashi. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce wata takwas. Na ce gobe ni zan raka shi. Ba a barin uwa ta shiga ɗakin bizit, amma rabin ma'aikatan wurin ni na koya musu baƙi, ba wanda ya iya tare ni. Lokotoron mace ce. Ta tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo, ya ce babu, sai ya juyo ya dube ni, kallon ubansa sak. Na ce akwai, ƙugu ne, wata takwas ke nan.

Bai samu aikin ba. An tura shi Agadez wurin masu koyar da motsa jiki, Mariyama tana kula da shi, ta ce yana samun sauƙi a hankali. In ya zo gari daga bakin ƙofa yake gaishe ni, ba ya zama. Zainabu ba ta haɗa ido da ni. Unguwa tana cewa tsohuwa ta toshe wa ɗanta hanyar abinci, wataƙila kuma suna da gaskiya. Wata huɗu ke nan ana haka, a ma'aunin Mariyama wannan ma ya shiga layin mai daɗewa. Ba zan ce na tabbata na yi daidai ba, yana ci mini rai safe da yamma. Na dai san ba zan sake yaga zane ba.

Me ya rage na Isuhu? Kamiyon da ya tuƙa ya zama tarkace, kamfanin ko allon sunansa babu. Karnensa yana cikin akwatina da tambarin lafiya goma sha uku, duk wanda ya buɗe shi bayan raina zai ce lafiyayyen mutum ne da ya zauna don ya ga dama. Haƙurinsa da ake yabo, ba na so kowa ya gada, ya isa haka. Abin da nake so ya rage shi ne a san cewa mutumin nan ya shekara goma sha uku yana hawa tsanin kamiyo kowace safiya da wuta a ƙugunsa don mu ci, kuma ko sau ɗaya bai yi ƙaryar ciwo ba. Ƙaryar lafiya muka sa shi yi. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ni kuma ya yafe mini.

Kai kuma lokotoro, matashin da ya yaye riga ya daɗe yana kallo, yanzu ka manyanta, ban san sunanka ba, ban san inda kake ba. In jaridar nan ta faɗo hannunka, ka yi mini tambaya sau biyu a wata safiya a Arlit, na rantse maka a kan ƙarya. Ga amsarka. Babu buhun da ya ɗaga. Shekara goma sha ɗaya ne, tun ina goyon Laminu. Na sani, don ni ce nake ɗaura ɗamarar.